Tayar Sanyi da Tayar Zafi: Tambayoyin da Masu Mota a Jos Suka Fi Yi

Duk shekara idan hunturu ya kama a Jos, zancen tayar sanyi kan taso a wajen masu faci, a tashoshin mota, da shagunan sayar da taya. Wani ya ce an sayar masa da ita bai sani ba, wani ya ce ai mu nan garin sanyi ne, ita ce ma ta dace da mu. An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da direbobin haya da masu motocin gida suke yawan maimaitawa, musamman masu bin hanyar Jos zuwa Abuja. Kowace amsa tana tsaye da ƙafarta, amma inda wata ta shafi wata an nuna.

1. Wai da gaske ne akwai tayar sanyi daban, tayar zafi daban?

Gaskiya ne. A ƙasashen da ake zubar dusar ƙanƙara, irin su Jamus, Kanada, Rasha da Finlan, mai mota kan ajiye taya kashi biyu: ɗaya ta watannin zafi, ɗaya ta watannin sanyi, yana canjawa sau biyu a shekara. Wani kamfani a Finlan, wanda yau ake kira Nokian, shi ya fara ƙera tayar sanyi a 1934 domin manyan motoci, bayan shekara biyu ya fitar da ta ƙananan motoci. Iyakar da masu ƙera taya suka saba bayarwa ita ce digiri 7 a ma'aunin Salshiyos. Idan yanayi ya zauna ƙasa da haka, tayar sanyi ta fi riƙe hanya. Idan ya zauna sama da haka, tayar zafi ce a gaba.

2. To ina bambancin yake, tun da duk baƙar roba ce?

Bambanci na farko yana cikin haɗin robar, kuma ido ba ya ganinsa. Roba tana bin yanayi kamar man kaɗanya: sanyi ya daskarar da ita, zafi ya sassauta ta. An haɗa robar tayar zafi yadda za ta tsaya da ƙarfinta a kan kwalta mai zafi, amma in sanyi ya tsananta sai ta sandare, ta kasa kwantawa cikin ƙananan ramukan kwalta, riƙonta ya ragu. Ita kuwa tayar sanyi an ƙara mata ɗanyar roba da wasu sinadarai don ta ci gaba da laushi ko da ruwa na daskarewa. Wannan laushi shi ne amfaninta a can, shi ne kuma aibinta a nan.

Na biyu shi ne zane. Tayar zafi tana da faffaɗan haƙora da manyan layuka masu zagaye ta, waɗanda ke korar ruwa. Tayar sanyi zanenta ya fi zurfi, kuma kowane haƙori an tsattsaga shi da ƙananan layuka masu lanƙwasa, sirara kamar yankan reza, ɗaruruwa a taya guda. Su ne ke cizon dusar ƙanƙara. A kan busasshiyar kwalta kuwa, tsagar nan tana sa haƙoran su riƙa lanƙwashewa duk lokacin da aka taka birki ko aka sha kwana.

3. Yaya zan gane tayar sanyi idan na je saye?

Ka durƙusa ka karanta gefen tayar da kanka, kada ka bar wa mai shago karatun. Babbar alama ita ce hoton dutse mai tsini uku da ɗan furen ƙanƙara a cikinsa. Duk tayar da ke ɗauke da wannan hoto an gwada ta ne a kan dusar ƙanƙara. Sunan tayar ma yakan tona ta: Alpin na Michelin, Blizzak na Bridgestone, WinterContact na Continental, Sottozero na Pirelli, UltraGrip na Goodyear, Hakkapeliitta na Nokian, duk na sanyi ne. Haka duk wadda aka rubuta wa Winter, Snow ko Ice.

In rubutun ya goge, dubi haƙoran. Yawan ƙananan tsaga masu lanƙwasa alama ce. Wasu ma za ka ga ƙananan ramuka zagaye a jere, gurbin ƙusoshin da ake dasa wa tayar don tafiya a kan daskararren ruwa, waɗanda aka cire kafin a kawo ta. Harufan M+S su kaɗai ba sa nufin tayar sanyi ce. Duba tambaya ta 8.

4. Amma fa Jos garin sanyi ne. Ba mu cancanci tayar sanyi ba, ko da a Disamba da Janairu?

A'a. Wannan ita ce tambayar da ta fi ruɗar mutane, kuma an fahimci dalili. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya taɓa fita sallar asuba a Bukuru ko Farin Gada cikin Janairu ya san sanyinta ba wasa ba ne. Da dare yakan sauka ƙasa da digiri 12, wasu dararen ya kusanci 7. Sai dai ƙa'idar digiri 7 tana magana ne a kan yanayin da ya zauna ƙasa da haka dare da rana, makonni a jere. A Jos, ranar da aka tashi ana rawar ɗari, kafin azahar an haura digiri 25, kwalta kuwa ta fi haka zafi saboda rana na dukanta kai tsaye. Awa biyu ko uku na sanyin asuba ba sa mayar da garin Turai.

Sa'annan ko da asubar, tayar zafi tana ɗumama kanta cikin 'yan kilomitoci saboda gogayya da hanya. Abin da ake ƙera tayar sanyi dominsa, wato dusar ƙanƙara da daskararren ruwa a kan titi, babu shi a Jos, babu shi a Riyom, babu shi a Pankshin. Ƙanƙarar da kan zubo da ruwan farkon damina narkewa take yi nan take (duba tambaya ta 13). Kuma wace mota ce ke zama a Jos kaɗai? Yau tana Bauchi, gobe Lafiya, jibi Abuja, inda a watan Maris zafi kan kai digiri 37 ko fiye.

5. Me ke faruwa idan aka sa tayar sanyi a zafi irin namu?

Abu uku, kuma dukkansu suna da nauyi. Birki yana tsawo: robar ta yi laushi fiye da kima, haƙoran suna kwantawa, motar tana ƙara mitoci kafin ta tsaya. Mitocin nan su ne tsakaninka da mai Keke Napep da ya tsaya ba zato a Terminus. Sitiyari kuma yana yin sako-sako, ka juya motar ta ɗan jinkirta kafin ta bi, abin da direba ya fi ji a kwana da lokacin wuce wata mota. Na uku, tayar tana cinyewa da sauri, har zurfin zanen da ya ja hankalinka a shago ya tafi cikin watanni.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne zafin da ke taruwa a cikinta. Duk lanƙwasar da roba ta yi, zafi take haifarwa. Da rana tsaka a bazara kwalta na iya kai digiri 60. Ka haɗa wannan da gudu, da lodi, da taya da ta riga ta tsufa a wata ƙasa, sai danƙon da ya riƙe roba da wayoyin ƙarfen cikinta ya fara saki. Daga nan ne bawon taya ke kwarewa ko ta fashe gaba ɗaya.

6. In ba ta dace da mu ba, me ya sa ta cika kasuwa?

Saboda tsofaffin tayoyin da ake kira na Beljiyam ko tokumbo. A Ostiriya doka ba ta ɗaukar taya a matsayin ta sanyi idan zanenta ya gaza milimita 4, kuma a Jamus ma shawarar da ake bayarwa ke nan. Mai mota a can yana cire ta alhali a idonmu tana da sauran rai sosai. Waɗannan ne ake tarawa a turo Afirka, a dunƙule uku ko huɗu cikin juna don rage wuri a kwantena, abin da ke karya wayoyin cikinsu tun kafin su iso.

Akwai kuma tarihin da ya buɗe wannan ƙofa. Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya daina ƙera taya a Legas a 2008, ƙasar ta koma dogaro da na waje. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigowa da su, amma kowa na ganinsu jibge a bakin titi. Ba a raina wanda ya saya ba, domin farashin sabuwa ya fi ƙarfin mutane da yawa. Abin da ake roƙo shi ne, in dole ta sa, a san abin da ake saye.

7. Mai shago ya ce min, "Alhaji, wannan ta fi laushi, ta fi zane, a damina ba ta santsi." Gaskiya ne?

Rabin maganarsa gaskiya ce: ta fi laushi, ta fi zane. Ƙarshenta ne bai tsaya ba. Ruwan damina namu ruwan ɗumi ne a kan kwalta mai ɗumi, kuma a irin wannan yanayi tayar zafi mai lafiyayyen zane ta fi tayar sanyi tsayawa da birki. Jiƙaƙƙiyar hanya a digiri 3 daban, jiƙaƙƙiyar hanya a digiri 24 daban. Ba lallai ne yana yaudararka ba. Da yawansu abin da suka ji ke nan suke faɗa.

8. Tayata an rubuta mata M+S. Ita ma ta sanyi ce?

Ba dole ba. Harufan na nufin taɓo da dusar ƙanƙara, kuma kamfani ne ke sa su bisa siffar zanen, ba tare da gwajin da ake yi wa mai hoton dutse ba. Yawancin tayoyin kowane yanayi da ke zuwa a jikin motocin da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Camry, Corolla, Accord da Sienna, suna da M+S, haka tayoyin Hilux da jif-jif masu shiga daji. Waɗannan suna aiki lafiya a nan. Jamus ma ta daina karɓar M+S kaɗai a matsayin tayar sanyi tun daga Oktoban 2024.

Inda ake ɗan rikicewa shi ne, wasu tayoyin kowane yanayi na Turai, kamar CrossClimate na Michelin, suna da hoton dutsen duk da an yi su don zafi da sanyi. Sunansu yakan ƙunshi All Season ko 4Seasons. Ba su da aibin tayar sanyi zalla, amma ga mai mota a Najeriya babu dalilin biyan ƙarin kuɗi don wani sanyi da ba zai gani ba.

9. Me ya sa da safe a hunturu tayata ke raguwa, ko fitilar iska ta kama, alhali ba ta huje ba?

Iska na tsukewa da sanyi, tana buɗewa da zafi. Duk faɗuwar digiri 5 zuwa 6 tana rage kusan psi 1 (psi shi ne ma'aunin iskar taya da geji ke nunawa). Idan mai faci ya ba ka iska da rana a digiri 28, ka kwana gari ya sauka 11, za ka tashi da ƙarancin kusan psi 3 a kowace taya. Wannan shi ne ainihin abin da sanyin Jos ke yi wa taya, kuma maganinsa geji ne, ba canjin taya ba. A auna da safe kafin a yi tafiya mai nisa, ko bayan mota ta huta awa uku. Awon da ya dace yana rubuce a takardar da ke jikin ƙofar direba, yawanci tsakanin 30 da 35 ga ƙananan motoci. Lambar da ke gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba awon tuƙi ba. Kuma bugun taya da ƙafa ko da sifana ba awo ba ne.

10. Ana cewa a rage iska lokacin zafi don kada taya ta fashe. In yi?

Don Allah kada ka yi. Wannan shawara ta yaɗu a tashoshi, kuma tana cikin mafi haɗari. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta yana lanƙwashewa sosai a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin na cin ta daga ciki (duba tambaya ta 5). Ƙarancin iska ya fi yawanta fasa taya a doguwar hanya. Idan ka tsaya a Akwanga ka auna ka ga awo ya hau da psi 3 ko 4, daidai ne, masu ƙera tayar sun yi lissafinsa. Ka sace wannan iska, in ta huce za ta koma ƙasa da yadda ya kamata.

Fashewar taya ba ta duba girman mota ko muƙamin mai ita. Ranar 6 ga Maris 2016, ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe. In Allah Ya kawo irin wannan tsautsayi, a riƙe sitiyari da hannu biyu, a ɗage ƙafa daga totur sannu a hankali, kada a danna birki da ƙarfi, sai motar ta rage gudu da kanta sannan a gangara gefe.

11. Ina yawan zirga-zirga tsakanin Jos da Abuja. Akwai abin da ya shafe ni musamman?

Akwai. Kana tashi daga sanyi kana gangarawa cikin zafi a tafiya guda. Ka auna iska a Jos da safe bisa awon ƙofa, in da lodi ka bi awon lodi da ke kan takardar, sannan ka bar ta haka. Saukowa daga tudu yakan rage abin da geji ke nunawa da kusan psi 1, saboda iskar waje ta fi nauyi a ƙasa, zafin Keffi da Mararaba kuma ya ƙara fiye da haka. Babu buƙatar gyara a hanya.

Wurin da ya fi neman kulawa shi ne Hawan Kibo. Wanda ya gangara yana kan birki tun daga sama, zafin birkin na ratsa wili ya shiga taya. A sauko da ƙaramar giya, injin ya riƙe motar. Ramukan da ke tsakanin nan da Gwantu zuwa Akwanga kuma suna iya karya wayar gefe. In ka ga ƙulli ya fito a gefen taya, ta gama aiki, faci ba ya gyara wannan.

12. Me harufan Temperature A, B, C ke nufi, da harafin ƙarshe a lambar taya?

Tayoyin da aka yi don kasuwar Amurka suna ɗauke da maki uku, ɗaya daga cikinsu na jure zafi. A ya fi kowa, B na biye, C shi ne mafi ƙarancin da doka ta yarda. Ga hanyoyinmu a nemi A, in babu a ɗauki B. Tayoyin sanyi ba a wajabta musu wannan maki ba, shi ya sa sau da yawa ba za ka same shi a jikinsu ba.

Harafin da ke ƙarshen lamba, misali 205/55 R16 91V, shi ne iyakar gudun da aka gwada tayar a kai: Q kilomita 160 a awa, T 190, H 210, V 240. Ba izinin gudu ba ne. Amfaninsa gare ka shi ne, mai babban harafi an gina ta don fitar da zafi da kyau. Yawancin tayoyin sanyi Q, T ko H ne. Lambar 91 kuwa nauyi ce, kilo 615 a kowace taya, kuma mai lodin dankali daga Bokkos ya kamata ya san tasa.

13. Me ya sa ruwan farko ya fi santsi?

Watannin rani suna tara ƙura, baƙin mai da gogaggiyar roba a kan kwalta. Ruwan farko na Afrilu yana kwaɓa su ya zama silɓi, kafin ruwa mai ƙarfi ya wanke. In da ƙanƙara a ciki, a rage gudu ko a nemi wuri a tsaya na 'yan mintoci. Daga Yuli zuwa Satumba matsalar ta koma ruwa kwance: taya mai suɗaɗɗen zane ba ta iya korarsa, sai ta hau kansa, sitiyari ya daina ji. Mafi ƙarancin zurfin zane da aka sani shi ne milimita 1.6, kuma akwai ɗan tudu a cikin layukan taya da ke nuna an kai wurin. Da ruwan Jos, gara a canja tun tana kusan milimita 3.

14. Yaya zan san shekarun taya, kuma yaushe take ƙarewa?

Nemi harufan DOT a gefe, ka bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana faɗakarwa a kan shekara 4 daga ranar ƙira. Kamfanonin mota da dama na cewa 6, Michelin kuma ya ce a riƙa duba ta duk shekara bayan ta cika 5, kada ta wuce 10 ko da ba a taɓa sa ta ba. Zafi da rana suna gaggauta tsufan roba, don haka a nan ya fi dacewa a jingina ga ƙananan lambobin. Busasshen hunturu yakan fito da tsattsagewar da ke gefen tsohuwar taya. In ka gan ta kamar faso, kada zurfin zane ya ruɗe ka. Wurin lambar da aka kankare ko aka sake bugawa dalili ne na barin tayar. A duba safaya ma, don ita ce aka fi mantawa.

15. Na duba na ga tayar sanyi ce a motata, kuma ba ni da kuɗin canja huɗu yanzu. Yaya zan yi?

Ba sai ka ajiye motar yau ba, amma ka canja yadda kake tuƙi: rage gudu, ƙara tazara tsakaninka da na gaba, auna iska duk mako, kauce wa lodi da doguwar tafiya da rana tsaka. In tafiyar Abuja ta kama, a tashi da sassafe. Idan shekarunta sun ja ko tana da tsaga ko ƙulli, maganar jira ta ƙare (duba tambaya ta 14).

Haɗa tayar sanyi da ta zafi a mota guda ba abin so ba ne, domin gaba da baya za su riƙe hanya daban. In biyu kaɗai za ka iya saye, kada ka raba su hagu da dama. Su zauna a layi ɗaya, kuma sababbin su koma baya, ko da injin motar gaba yake ja. Mutane kan yi mamakin wannan, amma gaba in ta zame direba na ji a hannunsa ya gyara, baya kuwa in ta zame a jiƙaƙƙiyar kwana motar juyawa take yi.

16. Ɗana zai tafi karatu Kanada, zai riƙa tuƙi a can. Me zan gaya masa?

Ka gaya masa a can lissafin ya juya, tayar zafi ce haɗari da sanyi. A lardin Kwibek doka ta wajabta tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Jamus ba kwanan wata aka ɗaura ba, yanayin hanya ne: in da dusar ƙanƙara ko daskararren ruwa, dole sai mai hoton dutse, in ba haka ba akwai tara. Ya sa huɗu iri ɗaya, ya tambayi dokar lardin da yake, kuma ya mayar da na zafi idan yanayi ya zauna sama da digiri 7.